Kurakuran Ɗalibai Game da Bango na Biyu na Ƙwayar Tsiro

Kuskuren da ya fi cinye wa ɗaliban ilimin tsirrai maki a nan Katsina shi ne zana bango na biyu na ƙwayar halittar tsiro (cell) a wajen bango na farko, kamar dai ƙwayar ta ƙara wa kanta riga ne daga waje. Ba haka abin yake ba. Ana saƙa zaren selulos, wato babban sinadarin ginin bango, ne a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaya, saboda haka duk abin da aka shimfiɗa daga baya shi ne mafi kusa da tantanin, kuma bango na biyu yana zama ne tsakanin bango na farko da tantanin. Kamar mai yaɓe ne da ke aiki daga cikin ɗaki, kowane sabon shafi yana rage faɗin ɗakin. Wannan ne ya sa ramin da ke tsakiyar ƙwayar zare (fibre), mai ƙarfafa jikin tsiro, yake ƙuntata yayin da bangonta ke ƙara kauri. Ni dai ba na barin ɗalibi ya fara zane daga tsakiya, sai ya fara daga shimfiɗar fektin da ta manne ƙwayoyi biyu, ya zo bango na farko, sannan shimfiɗu uku na bango na biyu, wato S1, S2 da S3, ya kuma bai wa S2 kaurin da ya fi na sauran.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin amsarsa tana gonakinmu. Ɗalibi zai rubuta da ƙarfin zuciya cewa duk bango na biyu yana ɗauke da lignin, sinadarin da ke taurara bango, alhali kuwa wataƙila da kuɗin audugar Funtuwa ko Malumfashi aka biya masa kuɗin makaranta! Kowane zaren auduga ƙwaya ɗaya ce da ta tsiro daga fatar iri, tana miƙewa kimanin mako 3 bayan fure ya buɗe, sannan ta cika cikinta da bango na biyu wanda fiye da kashi 90 cikin 100 nasa selulos ne. Lignin na cikin itace da karan dawa, shi ya sa suke da tauri, amma ba shi ne sharaɗi ba. Haka kuma kauri kaɗai ba hujja ba ce, domin ƙwayoyin kolenkaima, masu tallafar sassan tsiro da ke kan girma, suna da bango mai kauri amma na farko ne, suna kuma ci gaba da miƙewa. Wanda ya haddace littafi bai taɓa riƙe reza ba, shi ke faɗawa wannan rami. Al'adata ita ce in sa a yanka ɗanyen karan dawa da wanda ya ƙosa, a ɗiga musu fuloroglusinol da asid, haɗin da ke mayar da lignin ja, kowa ya ga inda ja ya fito da idonsa, sannan a gwada zaren auduga a ga bai yi ja ba.

Akwai masu ɗaukar cewa injin ɗaya ne ke gina bangayen biyu. A Arabidopsis, ƙaramin tsiron da masana ke yawan bincike a kai, sunadaran CESA1, CESA3 da CESA6 ne ke saƙa selulos na bango na farko, kuma idan ƙwaya ta kusa daina girma, sunadarai masu ba da umarni irin su VND7 da MYB46 sukan kunna CESA4, CESA7 da CESA8 masu saƙa na bango na biyu, a janye tsofaffin daga tantanin a rushe su. Sauyin ba ya faruwa lokaci guda, domin rukunin biyu sukan ɗan yi aiki tare kafin na farko ya ƙare.

Kada a rikita bango na biyu da girma na biyu, wato ƙarin faɗin gindin itace da kambiyom, shimfiɗar ƙwayoyi masu rarrabuwa a ƙarƙashin ɓawo, ke haddasawa. Yawancin ƙwayoyin farenkaima, masu cike sassan tsiro masu laushi, ba sa yin bango na biyu sam. Bututun zailem, mai kai ruwa daga saiwa zuwa sama, kuwa sai ya gama bangonsa sannan ƙwayar ta mutu ruwa ya samu hanya, saboda haka duk wanda ya zana masa cibiyar ƙwaya ya rasa makinsa a wurina.