Yadda Ake Sauya Kayan Ɗakin Kwana Domin Barcin Dattijo Ya Gyaru

Barcin wanda ya haura shekara 60 daban yake da na matashi. Barci mai nauyi yana raguwa, ƙaramin motsi ya farkar da mutum, fitsari ya tashe shi cikin dare, ga gwiwa da ƙugu da suka fara ƙorafi. Duk da haka jiki bai daina neman hutunsa ba, domin masana barci suna ba wanda ya kai shekara 65 shawarar ya samu awa 7 zuwa 8. Gadon da ya yi wa mutum daidai yana ɗan shekara 40 yana iya zama shi ne yake hana shi runtsawa yanzu.

Kafin a sayi komai, a zauna da mai ɗakin a tambaye shi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina ne yake masa ciwo idan ya farka? Tashi daga gadon ne yake ba shi wahala, ko juyawa a kai? Zafi ne yake damunsa? 'Ya'ya da yawa sukan sayo wa iyayensu gado ƙato mai tsada don su faranta musu, sai a wayi gari tsohon ya koma kwana a kan doguwar kujera, kunya ta hana shi faɗin dalili.

Daga nan sai tsayin gado, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci kuma shi aka fi mantawa da shi. A sa mai ɗakin ya zauna a bakin gado ba takalmi. Ana so tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai, gwiwarsa ta zo daidai da ƙugunsa ko ta ɗan yi ƙasa kaɗan. Ga yawancin mutane wannan yana kamawa tsakanin santimita 50 zuwa 58 daga ƙasa zuwa saman katifa, amma jikin mutumin shi ne ma'auni. Idan gadon ya yi ƙasa, sai an yi yunƙuri da dafe-dafe kafin a miƙe. Idan ya yi sama, ƙafa tana reto, mutum ya zamo ya dira cikin duhu da magagin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara, kuma hanyar gado zuwa banɗaki cikin dare tana daga cikin wuraren da abin yake yawan faruwa. A tuna cewa sabuwar katifa takan fi tsohuwa kauri, don haka da ita za a yi awon. Idan gadon mai ƙarko ne, ba dole sai an sauya shi ba, kafinta zai iya rage ƙafafun ko ya ƙara musu tsayi.

Sai katifa. A cire zanen gado, a ɗora miƙaƙƙiyar sanda a kanta daga gefe zuwa gefe. In aka ga rami a ƙarƙashin sandar da ya kai faɗin yatsu biyu, katifar ta gama aikinta. Galibi tsakanin shekara 7 zuwa 10 suke yi. A leƙa ƙarƙashinta ma, domin wani lokaci katakon da ke riƙe da ita ne ya lanƙwashe ko ya karye, kuma sabuwar katifa a kan lanƙwasasshen katako ba za ta daɗe ba ita ma za ta lotsa.

An daɗe ana cewa mai ciwon baya sai katifa mai tauri sosai. Wani bincike da aka yi a ƙasar Sifen, aka buga a mujallar likitanci ta The Lancet a 2003, ya gwada wannan a kan masu ciwon baya mai daɗewa, sai aka ga waɗanda suka kwanta a kan mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi. Ga dattijo akwai ƙarin dalili: naman da ke rufe ƙashin ƙugu da kafaɗa ya ragu, katifa mai tauri tana danne su har mutum ya yi ta juyi. Mai laushi da yawa kuma, musamman irin soson nan da ke ɗaukar siffar jiki, tana nutsar da mutum, juyawa ta yi wuya, ga riƙe zafi. A wurin saye kada a tsaya ga latsa ta da hannu. Mai kwanciyar ya hau, ya kwanta yadda ya saba na minti 10 zuwa 15, ya juya dama da hagu, sannan ya zauna a bakinta. In bakin ya lotsa har yana neman zamar da shi, a bar ta komai kyanta. Bakin katifa nan ne dattijo zai ɗan zauna jiri ya wuce kafin ya miƙe.

Matashin kai ba ya buƙatar dogon bayani. Mai kwanciya ta gefe yana son mai kauri da zai cike tsakanin kunne da kafaɗa, ya kuma sa wani tsakanin gwiwoyinsa. Mai kwanciya rigingine siriri ya ishe shi. Mai fama da ƙwannafi cikin dare kada ya tara matasai, wuya kawai za su lanƙwasa. A ɗaga ƙafafun gadon na wajen kai da santimita 15 zuwa 20.

Akwai masu sa ƙarfen kariya a gefen gado don kada tsoho ya faɗo. A yi hattara. An samu waɗanda suka maƙale tsakanin ƙarfen da katifa, wasu kuma suka yi ƙoƙarin haurawa suka faɗo daga sama, musamman masu ruɗewar tunani. Kada a sa shi sai da shawarar likita.

Bayan gado, a koma kan abin da ke kewaye da shi. Durowar gefen gado ta zo daidai da tsayin katifa, ta kasance mai nauyi marar taya, domin ko an hana, sai an dafa ta wajen tashi. A kanta a ajiye ruwa, tabarau, magani da fitilar da hannu zai kai ga makunninta daga kwance. Haskenta ya zama mai ɗan ja-ja marar ƙarfi, saboda farin haske mai ƙarfi yana kore barci idan an dawo kwanciya. A kafa wata ƙaramar fitila a hanyar banɗaki. Ƙananan kafet da ke zamewa a kwashe su, wayoyin lantarki a bi da su ta jikin bango, a bar fili kamar santimita 90 a gefen gado don mai sanda ya wuce ba tare da ya yi karo ba.

Kujera ɗaya mai hannu biyu, mai ɗan tauri, tana da amfani wajen sa tufafi da takalmi, kuma in barci ya ƙi zuwa gara a zauna a kanta har ya zo da a yi ta juyi a gado. Kabad ɗin kaya kuwa, a sauko da abin da ake ɗauka kullum zuwa tsakanin ƙugu da kafaɗa, in dogo ne a ɗaure shi da bango. Labule mai kauri yana taimaka wa wanda hasken waje yake tasa da wuri.

Kada a sauya komai a rana ɗaya. Ƙafar dattijo ta haddace ɗakinsa cikin duhu, in aka juya masa komai lokaci guda sai ya riƙa cin karo. A fara da gado da katifa, a bar su a inda tsohon gadon yake, a ba jiki mako uku zuwa huɗu ya saba kafin a yanke hukunci. Idan bayan haka har yanzu ana minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi, ko fitsarin dare ya yi yawa, ko ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya, a je a ga likita, a tafi masa da duk magungunan da ake sha, domin wasu daga cikinsu suna hana barci ko su ƙara fitsari.