Yadda na shawo kan rikicewar fue a Sifaniyanci

Abin da ya fi tsaya mini a wuya a karatun Sifaniyanci shi ne aikatau biyu, ser mai nufin kasancewa da ir mai nufin tafiya, waɗanda siffarsu ɗaya ce tak a shuɗaɗɗen lokacin da ake kira pretérito: fui, fuiste, fue, fuimos, fuisteis, fueron. Haddar jadawali ba ta warware komai ba, domin jadawalin biyu ba su da bambanci ko na harafi ɗaya.

Mafitar da na samu ita ce duba kalmar da ke bin aikatau ɗin. Idan kalmar a ko al, wato zuwa, ta biyo baya tare da sunan wuri, tafiya ake nufi, kamar fue a Madrid, wato ya tafi Madrid. Idan kuwa suna ko sifa ce ta biyo, kasancewa ake nufi, kamar fue médico, wato ya kasance likita. Akwai inda wannan ƙa'ida ke yaudarar mai koyo, kuma a ganina nan ne ya fi cancantar a natsu: la reunión fue a las ocho na nufin an yi taron da ƙarfe takwas, saboda lokaci ne ya biyo bayan a, kuma taro ba ya tafiya.

Haka na bi da hablamos (muna magana ko mun yi magana) da vivimos (muna zaune ko mun zauna), waɗanda ke ɗaukar yanzu da shuɗaɗɗen lokaci duka. Nakan nemi ayer, jiya ke nan, ko anoche, daren jiya, kafin in yanke hukunci, in babu su kuma sai jimlar da ta gabata ta raba gardama.