Babi na Uku: Riƙon Amana a Aikin Famfo Tun Daga Lokacin Koyo

Mafi yawan aikin mai gyaran famfo ɓoye yake. Da zarar an shafe bango da siminti, an mayar da ƙasa cikin rami, an jera tayil a banɗaki, bututun da ya shimfiɗa sun ɓace wa idon mai gida, kuma ba za a sake tunawa da su ba sai ranar da bango ya fara jiƙewa ko wari ya taso. Tela idan ya ɓata riga, mai ita zai gani tun kafin ya biya, amma mai gidan da aka yi wa aikin famfo yakan biya ne a kan abin da ba shi da hanyar dubawa. Shi ya sa mai koyon wannan sana'a yake buƙatar ya gyara halinsa na aiki tun yana riƙe wa maigidansa jakar kayan aiki, domin abin da hannu ya saba da shi a shekarar farko da wuya ya bar shi daga baya.

Mu fara da haɗa bututun roba na PVC, wanda kusan kowane mai koyo da shi yake soma aiki. Ana yanke bututun daidai ba a karkace ba, a kankare kaushin bakinsa, a goge ƙura da danshi, sannan a shafa gam a bayan bututun da kuma cikin soket, wato ɗan guntun da ake haɗa bakin bututu biyu da shi. Sai a tura shi har ƙarshe tare da ɗan murɗawa, a riƙe kamar daƙiƙa 30 don kada ya zamo, kuma kada a saki ruwa sai lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin gam ya cika. Duk wannan bai fi 'yan mintoci ba, amma a nan ne mai gaggawa yake yin ha'inci. Wasu sukan gasa bakin bututu da wuta su buɗa shi don su huta da sayen soket, alhali wutar tana raunana robar, kuma wurin ne yake fara yoyo. Shi kuwa bututun PPR, wani nau'in bututun roba, da injin zafi ake haɗa shi, a zafin da ya kai kusan digiri 260, idan kuma aka bar shi ya daɗe a kan injin, robar takan narke ta matse hanyar ruwa daga ciki, mai gida ya yi ta kukan ƙarancin ruwa bai san dalili ba. Ƙa'idar da ba a sassautawa ita ce: kada a rufe bututu sai an cika shi da ruwa, an toshe bakunansa, an bi kowace mahaɗa da ido da hannu.

Bututun ƙazanta ya fi buƙatar kula. Mai inci 4 da ke fita daga masai yana son gangara ta kusan santimita 2 da rabi a kowace mita, domin idan ya kwanta sosai ƙazanta za ta zauna ta toshe shi. Lanƙwasar da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu ba ado ba ce. Ruwan da yake tsayawa a cikinta, kimanin santimita 5, shi ne yake tare warin rami da ƙwari. Ya kamata mai koyo ya san cewa wannan magana ce ta lafiyar jama'a. A shekarar 1854 cutar kwalara ta kashe ɗaruruwan mutane a wata unguwa a birnin Landan, sai likita John Snow ya bi diddigi ya gano cewa masu cutar suna shan ruwan famfo ɗaya ne a titin Broad Street, daga baya kuma aka tarar ramin ƙazanta yana tsiyaya kusa da rijiyar da famfon yake jawo ruwa daga cikinta. Don haka ne ake shawartar a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiyar sha, kuma wanda ya san aikinsa zai faɗa wa mai gida haka ko da ba a tambaye shi ba.

Sai kuma mu'amala da mutane. Mai gyaran famfo yana shiga inda baƙo ba ya shiga, wato banɗaki da ɗakin girki da ɗakin kwana. Ya nemi izini kafin ya wuce kowace ƙofa, ya tsaya inda aikinsa yake, abin da ya gani ko ya ji kuma ya bar shi a nan. Idan ya sa lokaci ya cika, idan ya ga zai makara ya kira ya faɗa, domin wanda ruwa yake malala a ɗakinsa kowane minti yana jinsa.

Kafin ya taɓa sifana, ya saurari mai gida har ya gama bayani, ya duba da kansa, sannan ya faɗi abin da ya lalace da kalmomin da za a fahimta. Kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, kuma a daidaita kafin a fara. A ganina babu abin da yake zubar da mutuncin mai sana'a kamar ya karɓi kuɗin kaya mai kyau ya sayo na banza, ko ya ce a canza kan famfo gaba ɗaya alhali 'yar robar ciki ce kawai ta cinye. Ƙaramin gyara ma ba abin rainawa ba ne, domin famfon da yake ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana iya zubar da fiye da lita 11,000 a shekara. Idan an gama, a nuna wa mai gida tsohon abin da aka cire, a ba shi rasit da canjinsa, a share wurin, a kuma nuna masa inda babban makullin ruwan gidan yake, don ya iya tsayar da ruwa da kansa idan bututu ya fashe cikin dare.

Faɗin "wannan ban iya ba, bari in kira maigidana" yana da nauyi a bakin matashi, amma ya fi a fasa bangon mutum a kan zato. Haka nan idan aikin da ya yi ya sake yoyo, ya koma ya gyara ba tare da jayayya ba.

Kai mai koyon wannan sana'a, ka samu ƙaramin littafi ka riƙa sa shi cikin jakar kayan aiki. A kowane aiki ka rubuta ranar, da abin da ka tarar, da kayan da ka sa tare da girmansu, sannan ka zana inda bututun ya bi a bango, ka auna nisansa daga ƙofa ko daga ƙasa ka rubuta. Ka kwafi zanen a wata takarda ka bar wa mai gida, domin duk wanda zai huda bangon nan gaba ya san inda zai kauce wa.