Kafin ka miƙa wa Alhaji takardar farashi

'Yan uwa masu haɗa sola, ga wata dabara da ta yi min rana.

In za ka kai wa mai shago ko mai kemis tayin aiki, kada ka fara da farashinka. Fara da tambaya: "Alhaji, lita nawa janaretanka ke sha a rana?"

Bar shi ya faɗa da bakinsa. Ka ɗauki biro ka ninka kuɗin man a gabansa sau 30, sannan sau 12, don ya ga kuɗin man shekara. A ƙarƙashin wannan adadin ne za ka rubuta kuɗin farantin sola da batir da infata (na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida).

Lissafin nasa ne, ba zai musa ba. Da can takarda shafi biyar nake kaiwa, cike da bayanin ma'aunan lantarki irin su wat da bolt, a ce min "za mu neme ka". Shiru kake ji. Yanzu shafi ɗaya tak, da ranar gama aiki da tsawon garanti.

Amma fa dabarar ba ta ci a unguwar da ake samun wuta sosai. In kuma yaron shago ka tarar, kar ka ɓata bakinka, tambayi lokacin da maigidan ke zama.