Yadda za ka karanta takardar ECG in wayoyin zuciya sun samu matsala

To 'yan uwa ma'aikatan lafiya na asibitocin karkara, musamman mu na nan Jigawa da ƙauyukan Kano da ake da injin ECG, wato na gwajin lantarkin zuciya, amma ba likitan zuciya a kusa, ga abin da ya kamata mu riƙa dubawa kafin mu ce bugun mara lafiya kaza ne.

Ita zuciya da wayoyinta na lantarki take aiki. Wutar na tasowa daga wani ƙulli a ɗakin sama na dama, ta ɗan dakata a ƙullin tsakiya, sannan ta rabu reshe biyu, dama da hagu, ta sauka ɗakunan ƙasa. In reshe ɗaya ya toshe sai wutar ta zagaya ta cikin tsoka a hankali, shi ne za ka ga QRS, wato zanen da ke nuna wucewar wuta a ɗakunan ƙasa, ya yi faɗi a takarda, kuma daga nan ruɗanin yake farawa, don bugun da ya taso daga sama sai ya yi kama da VT, wato bugun sauri mai tasowa daga ɗakunan ƙasa, wanda shi kam kisa yake.

Fara da tabbatar da gudun takarda milimita 25 ne a sakan. A haka ƙaramin akwati sakan 0.04 ne, babba 0.2. Raba 300 da yawan manyan akwatunan da ke tsakanin R biyu, wato tsinin QRS da ke miƙewa sama, ka samu bugu a minti, amma fa in bugun a jere yake. PR, wato tazarar da ke tsakanin farkon ɗan tudun da ke zuwa kafin QRS (P) da farkon QRS ɗin, ƙananan akwatuna 3 zuwa 5 ne a mai lafiya, QRS kuma in ya kai 3 to ya yi faɗi. Rubutun da injin ke bugowa a sama kar ka jingina da shi, yana kuskure sosai in wayoyi sun toshe.

In ka ga bugu da sauri, sama da 100, ga QRS mai faɗi, ka ɗauka VT ne kawai har sai likita ya ce ba shi ba ne. Kusan takwas cikin goma na irin wannan VT ɗin ne, balle a wanda zuciyarsa ta riga ta yi rauni, tsoho mai hawan jini ko mai jegon da zuciyarta ta kumbura bayan haihuwa, kuma kun san yadda wannan ciwon yake da yawa a yankinmu. Kar ka yarda a ba mara lafiyar verapamil, maganin rage gudun zuciya, jini zai iya faɗuwa nan take. Kuma don mutum yana zaune yana magana da kai ba shi ke nuna ba VT ba ne, wallahi wannan tunanin yana cutar da mutane. In jini ya yi ƙasa, ko gumi mai sanyi, ko ciwon ƙirji, ko ya fara fita hayyacinsa, bar awon akwatuna, nemo mota a tafi babban asibiti.

In yana da ɗan dama-dama, tambayi tsohuwar takarda. "Baba, an taɓa yi muku wannan gwajin?" Sau da yawa tana cikin leda tare da katin asibiti. In tsohuwar ta nuna faɗin nan da siffa iri ɗaya lokacin da zuciya ke tafiya daidai, ya fi yiwuwa toshewar tsohuwa ce, bugun daga sama yake. Duba PR ɗinta ma, in bai kai akwati 3 ba kuma farkon QRS ya kwanta, akwai ƙarin waya kenan, ana kiran ciwon WPW, mai shi in bugunsa ya hargitse maganin zuciya digoxin da verapamil haɗari ne gare shi.

Tambayi magungunan da yake sha. Mai shan digoxin da ka san bugunsa a hargitse yake, yau kuma ya dawo a jere a hankali, kar ka yi murna, maganin ne ƙila ya yi yawa ya toshe ƙullin tsakiya. Mai ciwon ƙoda kuma sinadarin fotashiyam in ya hau shi ma yana faɗaɗa QRS, T, tudun da ke biyo bayan QRS, ya yi tsini. Toshewar reshen hagu tana canza ST da kanta, wato layin da ke tsakanin QRS da T wanda ake dubawa don gane toshewar jijiyar jinin zuciya, saboda haka mai ciwon ƙirji da wannan takardar a tura shi, ba a yanke hukunci a ƙauye.

Kafin su tafi ka bugo dogon layin lid II, wato layin da injin ke wa alamar II, ka ɗauki hoto da waya ka tura wa likita ta WhatsApp, su ma iyalan ka ce su yi fotokwafi, don takardar injin nan zafi na goge rubutunta.