Yadda Ake Sayen Kayan 'Yan Sama Jannati a Gidan Gwanjo

Da farko ka yi rajista a shafin gidan gwanjon, kamar Sotheby's, Heritage ko RR Auction na Amurka. Za su nemi katin shaida da bayanan banki, don haka kada ka bari sai ranar gwanjo.

Daga nan ka nutsu ka karanta kundin kayan, a nan aikin yake. Duba ko abin ya shiga kumbo ya je sararin samaniya, ko kuwa na atisaye ne a ƙasa, domin farashinsu ko kusa ba ɗaya ba. Rigar da ɗan sama jannati Buzz Aldrin ya sa a tafiyar Apollo 11 zuwa duniyar wata ta tashi sama da dala miliyan 2.7 a Sotheby's a 2022. Nemi takardar da ta nuna hannun da kayan suka bi. Dokar Amurka ta 2012 ta mallaka wa 'yan sama jannatin shirye-shiryen sararin samaniya na Mercury, Gemini da Apollo tsarabar da suka riƙe, amma ban da duwatsun wata. Wanda ya yi maka tallar dutsen Apollo, ka yi ta kanka. Sa hannun Neil Armstrong, mutum na farko da ya taka duniyar wata, shi ma sai an kula: ya daina yi wa jama'a tun 1994, jabu kuwa ya cika kasuwa.

Kafin ka taya, yanke iyakar kuɗinka. Lissafa la'adar gidan, wadda kan kai kusan kashi 25 cikin 100 a kan farashin da aka sallama, ga haraji da kuɗin aikowa.

Idan kai ka ci, biya cikin wa'adin da suka sa, sannan ka adana rasit tare da takardun kayan, don su mai saye na gaba zai fara tambaya.