Yadda ake kallon tsuntsayen ruwa a tabkin Tabalak lokacin hunturu

Wanda ke zaune a Tawa, yake son ganin tsuntsayen ruwa, ya nufi tabkin Tabalak mai nisan kusan kilomita 50 a kan hanyar Agadas, wanda aka sanya tun 2005 cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ke kulawa da su. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne tafiyar ta fi riba, domin a lokacin ruwan ya fara ja baya ya bar taɓo, baƙin tsuntsaye kuma da suka tsallako Sahara daga Turai sun riga sun sauka.

A bar gari da asuba, a isa kafin rana ta ɗaga. A sanya rigar sanyi mai launin ƙasa, domin farar riga tana tona asirin mai ita tun daga nesa, a riƙi ruwan sha da littafin rubutu da madubin hangen nesa, irin mai lamba 8x42 ya wadatar. A riƙa rufe madubin da ƙyalle, saboda ƙurar hunturu tana kwanciya a kan gilashi, kuma goge ta da bakin riga karce shi take yi. Ranar da hazo ya yi kauri, gara a ɗage tafiyar.

Da an isa, a fara gaida masunta da masu lambu da ke bakin ruwa, a faɗa musu abin da ya kawo mutum. Su ne suka san lungun da tsuntsaye suke kwana. Sannan a nemi wurin da rana za ta kasance a bayan mai kallo, wato gefen gabas da safe, a zauna gindin wata bishiya, a yi shiru. Zaman nan shi ne aikin, kuma a nan ne yawancin masu koyo suke kasawa. Zakaran ƙeƙuwa zai fara tayar da ƙara da zarar ya hango mutum, amma idan ba a motsa ba zai gaji ya bari, sauran su koma kiwo. Sai a ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an kafa shi, wuya a lanƙwashe, yana dakon kifi, a ji kirinjijiya mai farar fuska tana fito sau uku a jere, a hangi dinya can tsakiya. Cikin ƙananan agwagi a nemi namijin da ke da farin layi daga saman ido zuwa ƙeya, wannan baƙo ne daga arewa. Kada a wahala neman shamuwa, ita sai damina.

Idan garke ya yi yawa, ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya. A ƙirga goma, a riƙe girman gungun a ido, sannan a auna sauran da shi, a rubuta nan take tare da lokaci. Haka masu ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya suke yi a tsakiyar Janairun kowace shekara.

Kada a shiga ruwan don matsawa kusa, saboda tsargiya. Da hantsi, makiyaya za su fara kawo dabbobi shan ruwa, tsuntsayen su janye zuwa tsakiya, sai a nemi inuwa a jira la'asar.